Babi na Shida: Kifin da Ke Kira Daga Cikin Rami

Hausawa sun sa wa kifi magana a baki, suka ce wai ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Yawancin kifaye a kan haka suke rayuwa, kullum cikin tafiya, ko neman abinci ko gudun zama abinci. Amma a ƙasan teku akwai wani dangi da ya mai da zama wuri ɗaya sana'a. Masana suna kiran dangin Batrachoididae, nau'insa ya kai kusan 80, kuma masunta a ƙasashe da dama suna yi masa laƙabi da kwaɗo saboda fasalin kansa da irin kukan da yake yi idan an ciro shi daga ruwa. Mu ma a nan kwaɗon teku za mu kira shi. Kusan duk wani abin mamaki da ke jikinsa, in aka bi diddigi, daga wannan zaman ya samo asali: wanda ba ya fita nema, dole abinci ya zo ya same shi, mace ta zo ta same shi, kuma ya san yadda zai yi maƙiyi ya kasa samunsa.

Wanda aka fi sani a dangin shi ne Opsanus tau, mazaunin gaɓar gabashin Amurka, daga wajen Cape Cod a arewa har zuwa Fulorida. Idan ya faɗa ƙugiyar mai fatsa a mashigin Chesapeake, abin da ake jawowa kusan duk kai ne, faffaɗa, shimfiɗaɗɗe, da baki daga wannan kunci zuwa wancan. Idanun suna can saman kai. Leɓɓa da haɓa sun yi tsiron nama yana reto. Babu ɓawo ko ɗaya a jikin, sai fata mai kauri, yamutsattsiya, lulluɓe da yauƙi, launinta ruwan ƙasa da ratsin rawaya da dabbare-dabbaren baƙi. Tsawonsa yawanci bai wuce santimita 30 ba, sai ƙato ne ke kusantar 40. Da an ɗora shi a kan katakon jirgi sai ya baje fukafukai, ya wangale baki, ya shiga gurnani, yatsan da ya yi gangancin matsawa kusa kuwa zai gane kurensa. Haƙoran ba su da tsini sosai, amma muƙamuƙin da ya saba fasa ƙoƙon ƙaguwa ba abin wasa ba ne. Masunta da yawa sukan gwammace su yanke zaren su bar masa ƙugiyar.

Gidansa duk inda aka sami rami mai duhu: ƙarƙashin dutse, tsakanin tulin ɓawon kawa, cikin ɓaraguzan jirgin da ya nitse, har gwangwani da fasasshiyar kwalba da mutane suka jefa a ruwa. Sai ya shige da baya, ya bar kai a ƙofa, ya saje da taɓo, ya yi shiru. Ƙaramar ƙaguwa, jatan lande, tsutsa, ɗan kifin da ya yi sakaci, duk wanda ya gitta, zabura ɗaya ce. An daɗe ana zarginsa da cin kawa, amma da aka duba sai aka ga ƙananan ƙaguwoyin taɓo ya fi ci, su kuwa su ne ɓarayin 'ya'yan kawa. Kasancewarsa kawai a wuri kan sa ƙaguwoyin su laɓe su rage ɓarna. Yana da taurin rai kuma. Ruwan da ya ƙazantu, ko wanda iskar numfashi ta yi ƙaranci a cikinsa har wasu kifaye suka ƙaura, shi yana nan, kuma yakan yi sa'o'i a wajen ruwa bai mutu ba.

Abinci ke nan ya samu. Matsalar aure ce ta fi wuya. Ruwan gaɓa gurɓatacce ne, ba a ganin nesa, shi kuma ya ɓoye kansa har wanda ke kusa ma ba ya ganinsa. To ta yaya mace za ta san yana nan?

Kira yake yi. Masuntan kogunanmu sun san kifi ba bebe ba ne, domin duk wanda ya taɓa ciro ƙurungu ya ji ƙarar da yake yi, wadda ke fitowa daga gogar ƙayar fiffikensa a gurbinta. Hanyar kwaɗon teku daban ce. A cikin cikinsa akwai jakar iska, irin wadda yawancin kifaye ke amfani da ita don daidaita nitso da tasowa. Tasa tana da fasalin zuciya, kuma a gefenta biyu akwai tsoka manne da bangonta. Idan tsokar ta tsuke ta saki, bangon jakar ya girgiza, ruwa ya ɗauki girgizar. Tsukewa ɗaya, bugun sauti ɗaya. Don namijin ya fitar da kiran nan nasa mai kama da odar jirgin ruwa, sai tsokar ta tsuke ta saki wajen sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya.

A dakata a kan wannan adadi, domin ya wuce abin da tsoka ta saba yi. Macijin Amurka mai kaɗa jela yana girgiza jelarsa kusan sau 90 a daƙiƙa. Tsokar hannun mutum, in aka aika mata umarni da sauri irin haka, ba za ta girgiza ba sam, sai dai ta ƙage ta sandare, saboda kafin ta saki daga umarnin farko na biyu ya riga ya iso. Shekaru da yawa tsokar kwaɗon teku ce ake lissafawa a matsayin mafi sauri a duk dabbobi masu ƙashin baya, sai daga baya aka gano irinta a maƙogwaron tsuntsaye masu waƙa da na jemage. Lawrence Rome na Jami'ar Pennsylvania yana cikin waɗanda suka daɗe suna tona asirinta. Abin da ke sa kowace tsoka ta tsuke shi ne sinadarin kalsiyam da ake kwararo wa cikin zarenta, ba kuma za ta saki ba sai an kwashe shi. A tsokar kiran wannan kifi, rumbunan ajiye kalsiyam da famfunan zuƙe shi sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayar tsoka. Akwai kuma wani furotin mai yawan gaske da ke cafke kalsiyam ɗin ya riƙe na ɗan lokaci kafin famfunan su gama aikinsu. Su kansu ƙananan hannayen da ke jan zaren tsoka, kamawa da sakinsu cikin ƙiftawar ido ne.

Sai dai komai da kuɗinsa. Wurin da rumbuna suka cinye, wurin zaren ja ne aka rage, hannayen da ke saurin saki kuma ba sa daɗewa suna riƙo, don haka ƙarfin wannan tsoka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tsokar iyo ba. Ba ta iya ɗaukar komai, ba ta iya tura komai, kaɗa jaka kawai ta sani. Kuma tana saurin gajiya. Shi ya sa kiran Opsanus tau gajere ne, bai kai daƙiƙa ɗaya ba, sai ya huta na wasu daƙiƙoƙi famfuna su gama kwashe abin da ya taru, sannan ya sake. Idan ruwa ya yi ɗumi tsokar na ƙara sauri, muryar ta yi sama, idan ya yi sanyi ta yi ƙasa. Mai kunnen da ya saba zai iya kintatar zafin ruwa daga muryar kifin.

Idan mace ta bi kira ta iso, sai ta shiga ramin, ta juya cikinta sama, ta manna ƙwai ɗaya bayan ɗaya a rufin ɗakin ko a bango. Ƙwayayen manya ne, kowane kusan milimita 5, girman da ba kasafai ake gani a kifin teku ba. Tana gamawa ta kama gabanta, ba ta sake waiwaye. Namiji yakan ci gaba da kira, wata ta zo ta ƙara nata, har rufin ya cika da ƙwan mata daban-daban. Daga nan reno ya koma wuyansa shi kaɗai. Yana yi musu fifita da fukafukai don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, yana share datti, yana korar duk mai leƙe, abin da yake ci kuwa bai taka kara ya karya ba. Ƙyanƙyasa kan ɗauki har kusan wata guda, gwargwadon ɗumin ruwa. Ko sun ƙyanƙyashe ba sa sakin rufin, suna nan a manne ta jikin gwaiduwar da ke cikinsu har sai sun shanye ta, uban kuma yana ci gaba da gadi na wasu makonni bayan sun fara iyo. Yawancin kifayen teku dubban ɗaruruwan ƙwai suke watsawa igiyar ruwa ta tafi da su, a bar wa sa'a. Wannan ya zaɓi kaɗan, manya, a gabansa. 'Ya'yansa ba sa yawon ƙuruciya a saman ruwa, suna fitowa ne da cikakkiyar kamar ubansu, su nemi rami a nan kusa.

Labarin da ya fi fitar da sunan dangin ya faru ne a ɗaya gefen Amurka, a garin Sausalito da ke bakin mashigin San Faransisko, inda mutane da yawa ke zaune a gidajen da aka gina a kan ruwa. A farkon shekarun 1980, duk lokacin zafi, da dare ya yi sai wani ƙugi ya taso ta ƙarƙashin gidajen, ya ratsa katako da ƙarfe, ya hana mutane barci har wayewar gari. Aka zargi famfunan ruwan ƙazanta, aka zargi wayoyin lantarki, aka zargi wani aikin asiri na soja. A 1985 John McCosker na gidan adana kifaye na Steinhart ya nuna mai laifin: Porichthys notatus, wani ɗan uwan kwaɗon teku da ke zuwa gaɓa neman aure. Mutanen garin, da suka ga ba kotun da za a kai kifi, sai suka shirya masa biki na shekara-shekara na ɗan wani lokaci.

Wannan ɗan uwa ya ɗan bambanta. Da hunturu yana can cikin zurfi, sai bazara yake ƙaurowa gaɓa ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin dutse, a wurin da idan teku ta ja baya ruwan kan kusan ƙafewa ya bar shi cikin ɗan tsalalo da ƙwansa. A jikinsa akwai ɗaruruwan ɗige-ɗige masu haske jere reras, sinadarin da ke kunna su kuwa daga wasu ƙananan halittun ruwa da yake ci yake samu. Muryarsa ta fi ta Opsanus ƙasa, bugu kusan 100 a daƙiƙa, amma ƙugi ɗaya na iya zarce sa'a guda bai yanke ba. Andrew Bass na Jami'ar Cornell, wanda ya ƙarar da shekaru a kan wannan kifi, ya nuna cewa mazan iri biyu ne. Akwai babba, mai gina ɗaki, mai ƙatuwar tsokar kira, mai reno. Akwai kuma ƙarami, wanda ke balaga da wuri, tsokar kiransa 'yar mitsitsiya, kamarsa kamar mace, amma marainansa in aka auna da girman jikinsa sun ninka na babban sau da yawa. Shi ba ya gini, ba ya kira, ba ya reno. Yana laɓewa a bakin ɗakin wani, sai mace ta shiga tana zuba ƙwai ya kutsa, ko ya fesa maniyyinsa daga ƙofa, ya arce. Mai ɗaki ya yi ta fifita ga 'ya'yan da wasunsu ba nasa ba ne. Ni dai tausayina yana wajen mai ɗaki, amma tunda duka hanyoyin biyu suna nan har yau, ke nan kowace tana biyan mai ita.

Ita macen ma ba a bar ta haka ba. A 2004 Joseph Sisneros da abokan aikinsa suka nuna cewa kunnenta na sauyawa da lokaci: idan lokacin aure ya matso, sinadaran haihuwa da ke ƙaruwa a jininta suna ƙara wa kunnen kaifi wajen jin sassan ƙugin da suka fi tafiya a ruwa marar zurfi. Bass da abokansa kuma, da suka bi hanyoyin jijiya a ƙwaƙwalwar 'ya'yan kifin, sun tarar cewa sashen da ke tsara kira yana tsirowa ne a daidai inda na kwaɗi da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa ke tsirowa, a ƙeyar ƙwaƙwalwa wajen da ta haɗu da laka.

Amma mai kira bai zaɓi wanda zai ji shi ba. A gaɓar Fulorida da mashigin Meziko akwai Opsanus beta, kuma dolfin, mai kunne kamar me, yana farautarsa ta bin muryarsa. A wani gwaji da aka buga a 2006, an sa wa mazan da ke cikin ɗakunansu sautin da dolfin ke yi lokacin farauta ta lasifikar ƙarƙashin ruwa. Nan take kiransu ya ragu da kusan rabi, sinadarin firgici a jininsu ya hau. Da aka sa musu ƙarar jatan lande, ko a jikinsu. Wato yana kira, yana kuma kasa kunne.

Wari ma yana tona asiri. Yawancin kifaye suna fitar da dattin jikinsu a matsayin amoniya ta wurin numfashinsu na gefen kai, a kai a kai, kuma ga mai yawo wannan ba komai ba ne, ruwa ya wanke ya wuce. Ga mazaunin rami kuwa amoniya guba ce da ke taruwa a ɗakinsa da kan ƙwansa, sannan alama ce da ke jagorantar maƙiyi har ƙofa. Opsanus beta yana iya juya dattin nan ya zama yuriya, sinadarin nan da manomi ya sani a buhun taki, ya tara ta a jini, ya sake ta gaba ɗaya sau ɗaya ko sau biyu a yini. Patrick Walsh da ɗalibansa a Jami'ar Miami sun gwada wani kifi mafarauci na yankin, suka ga amoniya zalla tana jawo shi, amma in an gauraya ta da yuriya sai ya rage kai hari. Haɗa yuriya na cin ƙarfin jiki, abin da ya sa kifaye ƙalilan ne ke yin haka bayan sun girma.

Wani reshen dangin ya bi gajeriyar hanya. A arewa da arewa maso gabashin Burazil akwai Thalassophryne nattereri, wanda masunta ke kira niquim. Yana binne kansa a yashi cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, da ƙayoyi huɗu masu rami a ciki, biyu a gadon baya, ɗaya a kowane gefen kai, kowace haɗe da jakar dafi. Wanda ya taka shi zai sha azabar zafi da kumburi, wani lokaci naman wurin ya ruɓe, gyambon ya daɗe bai warke ba. Cibiyar Butantan da ke Sao Paulo ta yi shekaru tana nazarin wannan dafi.

Taurin ransa da zamansa wuri ɗaya su ne suka kai kwaɗon teku ɗakunan bincike, inda ya yi wa ɗan Adam aikin da kyawawan kifaye ba su yi ba. Ƙodar mutum tana da dubban ɗaruruwan ƙananan matatu da ke tace jini, sai bututu da ke biye da kowace matata. A farkon ƙarni na 20 masana sun yi ta gardama: shin bututun nan yana iya zuba datti da kansa cikin fitsari, ko kuwa tacewa ce kaɗai ke aiki, shi nasa maido da abin amfani? Ƙodar Opsanus tau ba ta da matata ko ɗaya, bututu ne zalla, tsarin da ke rage masa asarar ruwan jiki a cikin ruwan gishiri. Duk da haka yana yin fitsari. Wajen 1930, E. K. Marshall na Jami'ar Johns Hopkins da Homer Smith suka yi amfani da irin waɗannan kifaye suka ƙarfafa hujjar cewa bututun yana zubarwa da kansa. An kuma ga cewa sinadarin inulin ba ya fita a fitsarin kifin da ba shi da matata, wanda ya nuna ta matata kaɗai yake bi, kuma da wannan ne inulin ya zama ma'aunin ƙarfin tacewar ƙodar mutum.

Har sararin samaniya kwaɗon teku ya je. Sashen kunnensa na ciki da ke kula da daidaiton jiki ya yi kama da namu, kuma faɗin kansa ya sa kaiwa ga jijiyoyin wurin ba wuya. A watan Afrilun 1998 hukumar NASA ta ɗora guda huɗu, waɗanda aka samo ta cibiyar binciken halittun ruwa ta Woods Hole, a kumbon Columbia, a watan Oktoba kuma wasu biyu suka bi Discovery a tafiyar da ɗan sama jannati John Glenn ya yi yana da shekara 77. So ake a gane abin da ke sa 'yan sama jannati jiri da tangaɗi. Bayan saukowa, jijiyoyin kunnen kifayen sun riƙa amsa motsi da ƙarfi kusan ninki uku a yinin farko, suka dawo daidai bayan kamar sa'a 30.

Dangin bai tsaya a nahiyar Amurka ba. Batrachoides liberiensis yana zaune a gaɓar Afirka ta Yamma daga Senigal har Angola, har da bakunan kogunan kudancin Nijeriya inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Halobatrachus didactylus, wanda kan kai santimita 50, ana samunsa daga Fotugal har zuwa Ghana. A kan wannan na biyu ne Clara Amorim da Paulo Fonseca suka daɗe suna aiki a bakin kogin Tagus da ke Lisbon, inda suke ajiye wa mazan ɗakunan kankare su naɗi muryoyinsu. Sun tarar cewa namijin da ya fi yawan kira shi ya fi samun ƙwai a ɗakinsa, kuma a ruwa marar zurfi kiran ba ya zuwa nesa, da ƙyar yake wuce mita goma da 'yan kai. Sai ga jiragen fito suna kai-komo a kogin dare da rana. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa ƙarar injin jirgi ta faɗo ne daidai kan ma'aunin sautin da kifin ya fi ji, tana toshe masa kunne daga muryar 'yan uwansa. Kifi mai yawo zai iya kauce wa hanyar jirage ya nemi wuri mai shiru. Namijin da ƙwansa ke manne a rufin ɗaki ba ya iya ɗaukarsu, kuma in ya fita ya bar su, ƙaguwa ce za ta cinye.